Abokiyar sana'a ba kishiya ba ce

Jawabin wata mai sana'ar sabulu a zaman matasa masu aikin hannu, Maraɗi

Ina godiya ga waɗanda suka shirya zaman, da suka ga ya dace a miƙa ma mai sabulu mikro alhali ga masu manyan takardu zaune.

An ce in yi magana bisa matasa da sana'ar hannu. Filin yana da faɗi, ni kuwa zan tsaya inda ƙafata ke taka ƙasa. Sabulu nake yi nan cikin Maraɗi, shekara shida ke nan, na wanka da na wanki. Abin da nake son ku tafi da shi yau guda ne. Bayan ikon Allah, abin da ya riƙe ni cikin wannan sana'a shi ne ƴan uwana masu sabulu, wato mutanen da kowa ke ce mani in yi hattara da su don kasuwarmu ɗaya. Zan gaya maku yadda muka samu juna, abin da muka ƙaru da shi, da kuma inda abin ya yi mamu wuya, don ba zan ɓoye maku wannan ba.

Da yawa daga cikinku kun san hanyar da ake shiga sana'ar nan. Wani furoje ya zo, ya tara mata talatin ko arba'in, a yi horo na kwana biyar. A nuna maku yadda ake jiƙa soda, yadda ake zuba ta cikin mai, a juya har ya yi kauri kamar kunu, a zuba cikin mazubi. Ranar ƙarshe a ba kowa takardar shaida da boki da safar hannu, a ɗauki hoto, mota ta tashi. Ban raina wannan ba, ta nan ni ma na fara, kuma Allah ya saka ma waɗanda suka koya mamu. Amma kwana biyar ba ya kai ki damina, ba ya kai ki hunturu. Sai kin koma gida, kin sa jarinki na gaske cikin boki, sannan tambayoyi ke fitowa. Me ya sa na wannan makon ya tsage? Me ya sa wancan ya ƙi daskarewa? Nawa zan saida guda? Mai horo ya koma Yamai, lambarsa ba ta shiga. Ki duba dama, ki duba hagu, ba wanda ya san abin da kike magana a kai. Cikin waɗanda muka yi horo tare, kafin shekara ta zagayo mafi yawa sun maida bokin na wanke-wanke. Ba ragwaye ba ne, na san su. Kaɗaici ne ya cinye su.

Za ku ce ai akwai dangi. Akwai, Allah ya bar zumunci. Amma dangi iri biyu suke yi ma mai sana'a. Na farko yabo: ki ba inna sabulu, ta shinshina, ta ce kai, ɗiyata, wannan ya fi na butik. Ko da yana cin hannu haka za ta ce, don ba ta son ranki ya ɓaci. Na biyu bashi: a ɗauki biyar a ce sai ƙarshen wata, ke kuma kunya ta hana ki tambaya. Ƙauna ce duka, amma ba ta gyara sabulu, ba ta maido jari. Wanda zai ɗauki sabulunki ya karya shi biyu, ya duba cikinsa, ya ce maki sodarki ta yi yawa, sai wanda ya taɓa tsayawa bisa boki da kansa.

Mu wurin mai saida soda muka haɗu, cikin babbar kasuwa. Duk mai sabulu dole ta bi ta nan. Kullum in na je sai in tarar da fuskoki guda biyu ko uku, muna gaisawa sama-sama, kowace na leƙen abin da ƴar uwarta ta saya tana yi kamar ba ta gani ba. Wata rana soda ta yanke, muka zauna bisa benci muna jiran kaya daga Kano tun hantsi har azahar. Zaman jira shi ya buɗe baki. Wata daga Bagalam ta ce ita wata uku ke nan sabulunta na fitar da wani farin gari a sama, har masu saye na cewa ya lalace. Wata daga Zariya ta ce ita ma haka. Ni ma na ce haka. Muka kalli juna muka yi dariya, don kowace ta ɗauka ita kaɗai ce abin ke samu. Kafin mu tashi mun karɓi lambar juna, muka sa ranar Lahadi bayan la'asar. Mu shida muka fara. Yau mu goma sha ɗaya ne, mata tara da samari biyu.

Kada ku ɗauka daga zaman farko komai ya tafi daidai. Zama uku muka yi ana shan shayi ana hirar tsadar mai, amma ba wadda ta faɗi awonta. Ku san a sana'ar nan awo shi ne sirri, kowa na riƙe da nata kamar lambar asusu. Wadda ta warware mamu wannan ƙulli wata dattijuwa ce da ɗaya daga cikinmu ta gayyato, muna ce mata Iya. Ita sabulun salo ta gada wurin uwarta, irin wanda ake yi da ruwan tokar kara, ba ta taɓa shiga lakwal ba. Ta saurare mu, sannan ta ce: ƴaƴana, a garinmu gida bakwai ke yin sabulu, kowa ya san yadda kowa ke tace toka, kuma ba wadda ta rasa mai saye. Mutanen Maraɗi nawa ne? Ku shida za ku iya wanke su duka? Wannan tambaya ta zauna mani. Ko dare da rana muke aiki, mu shida ba mu iya cika buƙatar unguwa guda. Wanda ke cin kasuwarmu shi ne sabulun kamfani da ke shigowa kwali-kwali cikin manyan motoci. Mako na gaba kowace ta zo da littafinta, muka baza bisa tabarma.

Ranar nan na ga abin da shekara guda ta zaman gida ba ta nuna mani ba. Da muka jera littattafan sai muka ga awo shida daban-daban, kuma kusan duk da lita da gwangwani aka rubuta su. Ɗaya daga cikin samarinmu, wanda ya yi karatun kimiyya a jami'a kafin ya dawo gida neman abin yi, shi ya fayyace mamu. Lita guda ta mai ba kilo guda ba ce, nauyinta bai wuce giram 900 zuwa 920 ba. Duk wadda ta ɗauki lita a matsayin kilo, ta zuba soda fiye da kima da kusan kashi ɗaya cikin goma. Sannan kowane mai da sodar da yake ci. Kilo guda na man kaɗe yana cin kusan giram 128. Man gujiya kusan 137. Man ja kusan 142. Man kwakwa ya haura 180. To ku duba: mace ta koyi awo da man ja, ran nan man ja ya yi tsada ta sayi man kaɗe, ta zuba soda kamar yadda ta saba. Cikin kilo goma ta ƙara giram 140 na soda da ba su da man da za su ci. Ina za su tafi? Fatar mai wanka za su ci. Shi ya sa za ku ji ana cewa sabulun gida na sa ƙaiƙayi, har sunan ya ɓata mamu gaba ɗaya. Abu na farko da muka saya da kuɗɗin haɗin gwiwa shi ne sikeli mai nuna giram, yana yawo gida-gida har kowace ta samu nata. Muka kuma yarda cewa a sabulun wanka za a riƙa rage soda da kashi 5 cikin 100, don ɗan man da ya saura ya tausasa fata.

Sauran ilimin kuwa ba ya cikin littafin kowa, yana cikin kawunanmu a warwatse. Farin garin nan da ya haɗa mu, ashe sodar da ke saman sabulu ce ke haɗuwa da iska kafin ya gama kamawa. In an rufe mazubi da leda tun farko, ya ragu sosai, kuma ba lalacewa ba ce. Wata ta gano cewa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, in ka lulluɓe mazubi da bargo kamar yadda aka koya mamu, sabulu na yin zafi fiye da kima ya tsage ta tsakiya, don haka sai a yi aiki da asuba a bar shi a inuwa. Wata ta lura da damina sabulu na yin gumi don yana jan laima, ita ma soda in an bar buhunta a buɗe tana jan laima ta yi rauni. Wata ta ce man gujiya shi kaɗai na ba da sabulu mai laushi da saurin yin ɗigon ja da wari, sai an haɗa shi da mai mai tauri. Kowace ta biya kuɗɗin wannan darasi da jarinta. Da muka haɗa, sai ya zama abin da ɗaya ta biya, goma sun samu kyauta.

Yanzu zan zo ga abin da ya fi kuɗɗi nauyi, ina roƙon ku saurara da kyau. Soda ba abin wasa ba ce. In an jiƙa ta ta kwanta, ba ta da launi, ba ka bambanta ta da ruwan sha. Yaro ɗan shekara biyu ya shigo daga wasa da ƙishirwa, ya ga ruwa cikin kwano ko cikin gorar lemo, me zai yi? Kurɓa guda na ƙona baki da maƙogwaro, kuma in ciwon ya warke hanyar abinci na iya tsukewa, yaro ya kasa haɗiye ko da kunu, a yi ta yawon asibiti shekara da shekaru. Likitoci a ƙasashenmu na yammacin Afirka sun daɗe suna kuka da wannan, kuma sau da yawa gidan masu sabulu ko masu rini abin ke faruwa. Mu mata a tsakar gida muke aiki, inda yara ke rarrafe. Saboda haka dokarmu ta farko ba ta kasuwa ba ce. Duk wadda za ta shiga cikinmu, mutum biyu za su je gidanta su ga inda take ajiye soda. Dole akwati ko ɗaki mai kwaɗo. Ba a jiƙa soda cikin abin da ya yi kama da na sha. Ba a aiki yaro na goye ko yana kusa. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa bisa soda, don tana tafasa ta fantsama. Ba a amfani da tukunyar alminiyam irin ta girki, soda na cin ta, sai roba mai kauri. In ta taɓa fata ko ido, ruwa mai yawa, a yi ta zubawa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi man ja ko wani maganin gida, a ruga da shi asibiti. Wata ƙawarmu ta ji haushi ranar da aka je duba gidanta, ta ce an raina ta. Aka ce mata gobe ke za ki je duba na wata. Ta je, ta dawo ta ce a ƙara tsananta dokar.

Gwajin da ya nuna mamu ko tafiyarmu ta gaske ce ya zo a 2023. Kun san bayan abubuwan da suka faru ƙarshen watan Yuli na wannan shekara, CEDEAO ta sa ma ƙasarmu takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya da Benin. Mu nan Maraɗi numfashinmu ta Ɗan Isa da Jibiya yake. Soda, turare, leda, kwali, duk ta nan suke zuwa. Man da ke fitowa daga tashar Kwatano ta gadar Gaya shi ma ya tsaya, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina. Iyakar Najeriya ba ta buɗe ba sai watan Maris na 2024. Cikin watannin nan bidon mai ya yi tashin da in ka lissafa, sabulu ba ya maido kuɗɗinsa. Masu sabulu da yawa da na sani sun kife boki.

Mu abin da muka yi, mun zauna muka ce me ƙasarmu ke da shi? Akwai man kaɗe daga wajen Gaya. Akwai man gujiya wurin matan da ke ƙuli-ƙuli nan kusa da mu. Akwai ƴaƴan dogon yaro da ke zuba ƙasa kowane titi ba mai kula su, akwai aduwa, akwai zogala a Jiratawa. Amma sauya mai na nufin sauya awo, kuma sabulu sai ya yi mako huɗu zuwa shida yana shan iska kafin a san gaskiyarsa. Mutum guda in zai gwada haɗi goma ɗaya bayan ɗaya, jarinsa ya ƙare kafin ya samu amsa. Sai muka raba: kowace ta ɗauki haɗi guda, rabin kilo kawai, rana guda muka zuba duka. Bayan mako biyar muka kawo, muka kawo ruwa da tsumma mai datti, muka wanke, muka duba kumfa, muka duba tauri. Haɗi biyu suka yi kyau, kowa ya kwafa. Muka kuma haɗa kuɗɗi muka aika a sayo mamu man kaɗe da yawa a tashi guda, kuɗɗin mota guda, maimakon kowace ta sayi kwano-kwano wurin ƴan sari. Ba mu yi riba mai yawa ba wannan shekara, amma ba wadda ta rufe. Sabulun kaɗe da dogon yaro da muka fito da shi don dole, yau shi ya fi tafiya.

Maganar haɗa kuɗɗi ta kawo ni ga asusu. Nan ba mu ƙirƙiro komai ba, gado muka tarar. Iyayenmu sun san adashe, sun san biki, sun san gayya. Kuma a wannan jiha tamu ta Maraɗi ne a 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, inda mata ke zuba kuɗɗi duk mako cikin akwati, suna ranta ma junansu, ƙarshen zagaye a raba. Tsarin nan ya fita daga ƙauyukanmu ya bazu ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta. Wasu na zuwa daga nesa su koyi abin da kakanninmu mata suka gina, mu ƴan birni muna ganin kamar abin ƙauye ne. Shi muka ɗauka. Duk Lahadi kowa na zuba jikka guda cikin babban asusu, da dala ashirin cikin ƙaramin asusu na taimako. Akwatin na da kwaɗo uku, mabuɗan na hannun mutum uku, akwatin kansa na gidan ta huɗu. Ana ƙirga kuɗɗi da ƙarfi gaban kowa, a rubuta.

Amfanin ƙaramin asusun mun gan shi bara. Ƙaramarmu, yarinya ce da ba ta daɗe da aure ba, ta samu odar sabulu na rabon biki, mafi girma da ta taɓa samu. Ta sa duk jarinta ta sayi bido biyu na mai wurin wani ɗan kasuwa. Ashe man gauraye ne. Sabulu ya ƙi kamawa, mai na tsatsafowa sama, ga ranar biki na matsowa, ga kuɗɗin mutane ta karɓa rabi. Ta kira ni da dare tana kuka, ta ce mijinta ya ce dama ya gaya mata ta bar wannan wahala. Da safe mu bakwai muna gidanta. Kowace ta ɗebo daga sabulunta da ya riga ya nuna, muka cika odar, muka naɗe da takardarta, da sunanta. Asusu ya ranta mata kuɗɗin mai ba tare da riba ba, ta biya cikin wata huɗu, ta maida ma kowa sabulunta. Mijin nan yanzu shi ke kai mata kaya butik bisa babur. Ku gaya mani bankin da zai yi maka haka cikin dare guda.

To, kada in sa ku ɗauka aljanna muke ciki. Inda kuɗɗi da mutane suka haɗu, sai an ji kan juna. Rigimarmu mafi zafi bisa farashi ta kasance. Mun zauna mun lissafa abin da sabulu guda ke ci: mai, soda, turare, leda, kuɗɗin kabu-kabu, har da ladan hannun mai yi, wanda mata da yawa ke mantawa su sa. Muka yarda ba wadda za ta saida ƙasa da wannan. Sai ga wata daga cikinmu ta zagaya butik-butik da wasu ke kai ma kaya, tana ba su da rangwame, kuma da awon da ta kwafa bisa tabarmarmu. Da aka bincika, don ta samu saurin juya kuɗɗi, sabulu ɗan kwana biyar take kaiwa, bai nuna ba. Aka kira ta, aka yi magana, Iya ta sa baki, ta ce ta ji. Ta sake. Ranar da muka yanke shawarar ta karɓi kuɗɗinta ta tafi, wallahi ba wadda ta ci abincin dare da daɗi, don tare muka fara. Har yau muna gaisawa, muna zuwa sunan juna. Amma da mun bar ta, da sauran sun ce to don me ni zan riƙe alkawari? Daga nan muka rubuta dokokinmu cikin littafi, kowa ya sa hannu, ana karanta ma duk sabon shiga. Zumunci na buɗe ƙofa, amma rubutu da ƙirga a fili su ke hana zargi shiga.

Akwai doka guda cikin littafin da nake alfahari da ita. Ba mako da zai wuce wata ba ta tambaye ni ba: kina da mai ƙara haske? Kun san abin da ake nufi. Kasuwar bilicin na da kuɗɗi, kuma akwai masu zuba magunguna masu ƙarfi cikin sabulu da man shafawa, waɗanda ke sa fata ta yi siriri ta ƙone. In ke kaɗai ce, ga haya ga kuɗɗin lakwal na yara, mai saye ta ce in babu za ta je gaba, zuciya na iya raya maki ki gwada. Amma in kin san ranar Lahadi mutum goma za su karya sabulunki su shinshina, kunyarsu kaɗai ta isa ta tsare ki. Mun ce ba ma yi, kuma ba ma rubuta bisa takarda cewa sabulunmu na warkar da cuta. Sabulu ne, yana wanke jiki, ba ya cin fata. Mun rasa wasu masu saye, amma waɗanda suka tsaya sun san abin da suke sa ma yaransu. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ga samarin da ke nan, na ga wasunku na murmushi kamar maganar mata ce. Samarin nan biyu da ke cikinmu daga fada suka fito. Ku kuna da abin da mu sai da muka sha wuya muka samu: kuna zama tare kullum, kun san halin juna, kuna haɗa kuɗɗin shayi da sukari ba a taɓa jin rigima ba. Wanda ya iya riƙe asusun shayi shekara biyar ya iya riƙe asusun sana'a. Ko ba sabulu ba, ko ɗinki ne, ko gyaran salula, ko walda, nemi masu yin irin naka. In tafiya ta yi nisa kuna son takarda, dokar OHADA ta ƙungiyoyin haɗin gwiwa, wadda aka amince da ita a 2010 kuma ƙasarmu na cikinta, ta ba mutum biyar damar kafa ƙaramar ƙungiya da ake kira SCOOPS. Da takarda ana iya buɗe asusu da sunan ƙungiya, ana iya neman rumfa a baje koli irin SAFEM da ake yi a Yamai don sana'o'in mata, a raba kuɗɗin mota da na rumfa. Amma shawarata, kada ku fara da takarda. Mun ga ƙungiyoyin da aka kafa rana guda don an ji furoje zai raba kuɗɗi, da shugaba da ma'aji da hatimi, furoje na tafiya suka watse. Mu shekara biyu muka yi muna zama bisa tabarma kafin mu je neman takarda.

Wanda ke son farawa, abin ba shi da tsada. Ka je inda masu sana'arka ke sayen kaya, ka gaida wanda ka saba wucewa. Ku fara ku kaɗan, biyar ko shida, waɗanda ke aikin da hannunsu. Ku sa rana guda da ba ta sauyawa. Kai ka fara buɗe littafinka, don wani ba zai buɗe ba sai ya ga naka. In an karya sabulunka an ce bai yi ba, ka ce na gode, ka tambayi dalili. Kuɗɗi kuwa, ko dala biyar ce, a ƙirga gaban kowa a rubuta. WhatsApp na da amfani, mu ma muna aika hoton sabulu a tambayi me ya same shi, har da ƴan uwa na Damagaram da Tawa da muka sani ta wannan hanya. Sai dai zumunta a ƙafa take: hoto ba ya nuna maka inda mutum ke ajiye sodarsa.

Masu sabulu da ke cikin wannan zama, ko masu niyyar farawa, ku same ni bayan an tashi. Na zo da littafina da sikelina, duk mai son ganin awo zai gani, ba na karɓar ko dala. Abin da kawai zan tambaye ki shi ne ina kike ajiye soda, kuma su wa ke yin sabulu a unguwarku.

Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu, ya tsare mamu yaranmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.